Shin Ana Iya Shirga Ƙarya Da Gaskiya Zalla?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwana mata, tambayar da nake so mu tattauna a kanta a wannan fitowa ita ce: shin mutum zai iya buɗe baki ya yi magana, kowace kalma da ya furta gaskiya ce, amma duk da haka ya tashi a matsayin maƙaryaci a wurin Allah? Da jin tambayar wata za ta ce haba, ai gaskiya gaskiya ce, ƙarya kuma ƙarya ce, ina suka haɗu? To amma idan muka natsu, mu matan aure mun fi kowa sanin amsar.

Mu ɗauka mata biyu ne a gida ɗaya. Maigida ya dawo daga tafiya, ko ruwa bai gama sha ba sai ɗaya ta zauna kusa da shi ta ce, "Wallahi ni dai ba na son kawo ƙara, amma 'yar'uwar tawa sau uku ta fita a makon nan. Ranar Laraba ma sai bayan magariba ta shigo, kuma a motar wani namiji aka sauke ta." Idan aka ba ta Alƙur'ani za ta iya dafawa, don babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, mahaifiyar abokiyar zaman tata ce ke kwance a asibiti, namijin da ya sauke ta yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sai da ta nemi izini wajen uwar miji kafin ta fita. To ke 'yar'uwa, wannan mata gaskiya ta faɗa ko ƙarya? Harshenta bai yi ƙarya ba, amma hoton da ta zana a zuciyar maigida ƙarya ne tsagwaronta, kuma da wannan hoton ne zai yanke hukunci, ƙila ma har aure ya mutu.

Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa tsakanin Musulmi da kafofin yaɗa labarai da yawa, musamman idan wata taƙaddama ta siyasa ta taso.

Yadda ake ɗinka labari

Labari kamar atamfa yake a hannun tela. Yadi ɗaya ne, amma almakashi ne ke yanke shawarar abin da zai zama riga da abin da zai faɗi ƙasa a share. A kowace rana abubuwa dubbai suna faruwa a duniya, edita kuwa minti talatin gare shi a rediyo, ko shafi ɗaya na gaba a jarida. Dole ya zaɓa. Zaɓen kansa ba laifi ba ne, don babu yadda za a yi sai da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne a wurare huɗu: abin da aka ɗauka aka bar wani, sunan da aka laƙaba wa mai laifi da wanda aka zalunta, hoton da aka manna a gefen labarin, sai kuma inda aka fara labarin, wato ko an faro shi daga tushe ko kuwa daga tsakiya.

Mu duba batun suna. Idan mutum ya aikata ta'asa kuma sunansa Ahmad, sau da yawa addininsa ne zai fara fitowa a kanun labari tun kafin a san dalilinsa. Idan kuwa ba Musulmi ba ne, sai a shiga tonon yadda ya taso, ko yana da taɓin hankali, ko matarsa ce ta gudu ta bar shi. Shi laifinsa nasa ne shi kaɗai. Ahmad kuwa nasa laifin sai an raba wa al'ummar da ta kusa kai biliyan biyu, kowa ya ɗauki kasonsa.

A ranar 19 ga Afrilu 1995 aka tayar da bam a wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma na Amurka, mutum 168 suka mutu, cikinsu har da ƙananan yara 19. Tun ƙura ba ta lafa ba masu sharhi a talabijin suka fara nuna yatsa ga Gabas ta Tsakiya. Har wani Ba'amurke ɗan asalin ƙasar Jodan aka tare a filin jirgin saman Landan aka mayar da shi Amurka don bincike. Ashe wanda ya yi aika-aikar Bature ne farar fata, tsohon sojan Amurka mai suna Timothy McVeigh. Shekara 16 bayan haka, a ranar 22 ga Yuli 2011, aka kashe mutum 77 a ƙasar Nowe. Nan ma a sa'o'in farko zargi ya tafi kan Musulmi, sai daga baya ta bayyana cewa Anders Breivik ne, mutumin da ƙiyayyar Musulmi ce ma ta tunzura shi. Kin ga ke nan an riga an yanka rigar, jira kawai ake a ga wanda za a saka wa.

Kada wata ta ce ƙorafi ne kawai irin namu. Wasu masu bincike a jami'o'in Amurka sun bi diddigin hare-haren ta'addanci 136 da aka kai a ƙasar daga 2006 zuwa 2015, suka wallafa sakamakon a 2019. Sun gano cewa Musulmi ne suka kai kashi 12.5 cikin ɗari na hare-haren, amma idan maharin Musulmi ne, yawan rahotannin da jaridu ke yi a kansa ya ninka na sauran fiye da sau huɗu. Kowane rahoto a cikinsu zai iya zama gaskiya. Amma mai karatu da ya tara su a kansa, wane hoto zai tashi da shi? Tun a 1981 wani malamin jami'a Bafalasɗine, Edward Said, wanda ma daga gidan Kirista ya fito, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda jaridun Yamma ke tattara Musulunci gaba ɗaya su cusa shi cikin hoton fushi da tarzoma, musamman bayan juyin juya halin Iran na 1979.

Sai batun shiru. A ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Kano, mutane fiye da 100 suka rasu suna kan ibada. A farkon Janairu 2015 kuma aka afka wa garin Baga a jihar Barno. Sojoji sun ce mutum 150 aka kashe, wasu kuwa suka ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. A cikin wannan makon ne aka kashe mutum 17 a Faransa, shugabannin ƙasashe suka yi tururuwa zuwa birnin Faris suka jera suna tattaki. Ran ɗan'adam duk ɗaya ne a wurin Allah, kuma ba ma raina jinin kowa. Amma Baga ba ta samu ko kusa da wannan kulawa ba. Musulmi idan shi ne ya riƙe bindiga labari ne babba, idan kuwa shi ne ke kwance cikin jini sai ya zama ƙidaya a ƙasan shafi.

Mu mata a cikin hoton

Mu kuwa mata namu ya fi na kowa, domin da hotonmu ake yin tallar. A watan Nuwamba 2001, ana tsakiyar ruwan bama-bamai a Afganistan, uwargidan shugaban Amurka na lokacin, Laura Bush, ta yi jawabi a rediyo inda ta danganta yaƙin da 'yanto mata. Babu mai musun cewa matan ƙasar sun sha wuya, an hana su karatu, wanda Musulunci bai yarda da shi ba. Amma macen da bam ya kashe wa miji da 'ya'ya, wa ya tambaye ta ko irin 'yancin da take nema ke nan? Haka a 2004 da Faransa ta hana ɗalibai sanya hijabi a makarantun gwamnati, aka yi ta muhawara a kan mace Musulma, amma ita kanta ba kasafai ake miƙa mata abin magana ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne shari'ar Amina Lawal. A watan Maris 2002 wata kotun shari'a a Bakori ta jihar Katsina ta yanke mata hukuncin jifa, kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Labari ya zagaye duniya, hotonta rungume da jaririyarta ya shiga ko'ina. Aka yi ta yaɗa takardun koke ana tara sa hannu, wasu daga ciki ma suna cewa wai Kotun Ƙoli ta riga ta tabbatar da hukuncin har an sa ranar zartarwa, alhali ba a yi haka ba. Abin ya kai har a 2003 ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata, wadda ke cikin masu tallafa wa shari'ar, ta fitar da wasiƙa tana roƙon mutanen waje su dakata da irin waɗannan takardu, domin kurakuran da ke ciki suna iya cutar da wadda ake cewa ana taimako.

Yaya aka ƙare? A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jihar Katsina ta sallame ta. Alƙalai Musulmi ne suka sallame ta, lauyoyin da suka tsaya mata irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim Musulmi ne, kuma hujjojin da aka kafa daga cikin fiƙihun Malikiyya aka ciro su: haƙƙin mutum na janye iƙirarinsa, da ƙa'idar kwantaccen ciki, da kurakuran da ƙaramar kotu ta yi wajen bin ƙa'ida. Haka aka yi wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu a Sakkwato a watan Maris 2002. Amma je ki tambayi wanda ya bi labarin daga nesa. Da yawa abin da ya zauna musu shi ne shari'a ta so kashe wata mata, duniya ta yi ca, aka ƙwace ta. Rabin farko na labarin an buga shi da manyan baƙaƙe, rabin ƙarshe kuwa, inda shari'ar ta gyara kuskuren alƙalinta da kanta, ya faɗi ƙasan teburin tela.

To ai ba ƙarya suka yi ba

A nan wata mai hankali za ta iya tsayar da ni ta ce: Malama, tsaya. Shin 'yan jarida ne suka sace 'yan matan Chibok 276 a 2014? Su ne suka yanke wa Amina hukuncin farko ba tare da cika sharuɗɗa ba? Idan ɗanki ya yi sata maƙwabta suka faɗa, laifin maƙwabta ne?

Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata mu yi mata kunnen uwar shegu ba. Gaskiya ne akwai masu aikata ɓarna da sunan addininmu, kuma faɗin hakan ba ƙiyayya ba ce. Mu tuna rikicin Kaduna na watan Nuwamba 2002. Jaridar ThisDay ta buga wani rubutu game da gasar sarauniyar kyau ta duniya, a ciki aka ambaci Manzon Allah (SAW) ta hanyar da ba ta dace ba, kuma a cikin watan azumi. Jaridar ta nemi afuwa daga baya. Kafofin waje da yawa suka taƙaita abin da cewa Musulmi sun yi tarzoma saboda gasar kyau. Ba su tsaya kan zafin taɓa mutuncin Annabi ba, ba su tsaya kan raunin rikicin shekarar 2000 da bai warke a garin ba, balle siyasar zaɓen 2003 da ke ƙaratowa. Wannan yankan baya ne, babu shakka. Amma fa mutane fiye da 200 suka mutu, Musulmi da Kirista, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya riƙe alƙalamin da ya yi wancan rubutu. Mai sayar da kayan miya da aka tare a hanya, me ya sani? Jinin nan ba jarida ce ta ƙirƙire shi ba. An zubar da shi, kuma Allah zai tambaya.

Saboda haka amsar ita ce, abu biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda: an yi mana rashin adalci wajen ba da labari, kuma a cikinmu akwai masu laifin da ya kamata mu fara tsawatar wa tun kafin bare ya yi magana. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙorafinmu ga 'yan jarida ba wai don sun faɗi laifin Musulmi ba ne. Ƙorafin shi ne mudun da suke aunawa da shi ba ɗaya ba ne, kuma sukan tsaya a inda ya yi musu daɗi. Wanda ya ba da labarin Boko Haram bai faɗi cewa malamai irin su Shaikh Ja'afar Mahmud Adam sun yi ta yi wa wannan aƙida raddi tun tana jaririya ba, bai faɗi cewa masallatai da kasuwannin Musulmi sun sha bam ba, to ya yi irin ta matar nan da ta ɓoye zancen asibiti.

Haka kuma ba daidai ba ne mu ce duk makirci ne aka zauna aka ƙulla. Wani lokacin akwai manufa, kamar yadda aka yi ta kururuta cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi kafin mamayar 2003, daga baya aka neme su aka rasa, har jaridar New York Times ta fito a 2004 ta amsa cewa ba ta tantance rahotanninta yadda ya kamata ba. Amma sau da yawa abin da ke jawo shi kasuwa ce, don tsoro da tashin hankali sun fi zaman lafiya ciniki. Wani lokacin gaggawa ce, kowa na so ya riga kowa. Wani lokacin kuma jahilci ne kawai: wakili ya sauka a Legas ko Abuja, bai iya Hausa ba, bai taɓa kwana a Gusau ba, gobe kuma ana jiran rahotonsa. Sannan akwai 'yan jarida waɗanda ba Musulmi ba da suka ba da rayukansu wajen faɗin gaskiyar abin da ake yi wa Musulmi. Shireen Abu Akleh ta tashar Aljazira, wadda aka harbe a Jenin a 2022, Kirista ce. Idan muka yi musu kuɗin goro, mun aikata abin da muke kuka da shi.

Mu ma fa?

Yanzu bari mu juyo da madubin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaya muke ba da labarin waɗanda ba mu ba? Idan rikici ya tashi a Filato ko kudancin Kaduna, gawarwakin wa muke ƙirgawa, na wa muke tsallakewa? Idan wani ɗan kudu ya yi laifi, mukan ce wane ne ya yi, ko kuwa mukan ambaci ƙabilarsa gaba ɗaya? Mun ji zafi da jaridun kudu suka mayar da kalmar Fulani makiyaya tamkar wani suna na ɗan ta'adda, amma a cikin gidajenmu nawa ne yau ake kiran kowane Bafulatani ɗan fashin daji, alhali su ma ana sace musu shanu ana kashe su? A lokacin zaɓe kuwa abin ba a cewa komai. Ɗan takarar da muke so kuskurensa ajizanci ne, wanda ba ma so kuwa ko tari ya yi sai an ce da manufa.

A da, sai mai injin buga jarida ko mai tashar rediyo ke da wannan iko. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, su ne tagogin da iyayenmu suka leƙa duniya ta ciki. Yau kuwa kowace uwargida da waya a hannu edita ce. Saƙon murya ya shigo zauren WhatsApp na 'yan Islamiyya ko na dangi, wai an kashe 'yan Arewa a gari kaza, ga hoto. Kafin a sauke tukunya ta tura wa zaure biyar. Ba ta san wanda ya yi maganar ba, ba ta san ko hoton na bana ne ko na shekara goma da suka wuce ba, ko ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Idan wani matashi ya ji ya fusata ya je ya taɓa baƙon da ke unguwarsu, ita ba ta da kamasho a ciki? Mu tuna Ruwanda a 1994, inda wata tashar rediyo ta yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, cikin kwana 100 aka hallaka mutane wajen 800,000. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

Ma'aunin da addini ya ba mu

Alhamdu lillahi, ba a bar mu cikin duhu ba. A Suratul Hujurati aya ta 6 Allah Ya umarci muminai da su yi bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya zo musu da labari, don kada su cutar da mutane cikin rashin sani su dawo suna nadama. Malaman tafsiri sun ce ayar ta sauka ne a kan rahoton da aka kawo cewa ƙabilar Banul Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka kusa ɗaura musu yaƙi, ashe ba haka ba ne. A Suratun Namli kuma, da alhudahuda ya kawo wa Annabi Sulaimanu (AS) labarin sarauniyar Saba'i, bai hau kai ya zauna ba, sai da ya ce zai duba ko gaskiya ne. Imamu Muslim ya ruwaito a gabatarwar littafinsa hadisin da ke nuna cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, wannan kaɗai ya isa ya sa shi cikin maƙaryata. Lura da kyau, 'yar'uwa: ba a ce sai ya ƙirƙira ba, kwasowa da zubarwa kawai ya wadatar. Sannan a Suratul Ma'ida aya ta 8 an gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu kauce wa adalci. Wato ko wanda ya zalunce mu a labarinsa, ba mu da izinin mu zalunce shi a namu.

Babban darasi kuwa yana cikin ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha (RA). Dubi yadda aka gina shi. An bar ta a baya a hanyar dawowa daga yaƙi, gaskiya ne. Sahabi Safwanu ɗan Mu'aɗɗal ne ya taho da ita a kan raƙuminsa, gaskiya ne. Sun iso bayan rundunar ta sauka, shi ma gaskiya ne. A kan waɗannan gaskiya guda uku Abdullahi ɗan Ubayyu ya ɗora ƙaryarsa, Madina ta yi wajen wata guda cikin ƙunci, har sai da Allah Ya saukar da ayoyi a Suratun Nur Ya wanke ta. Kuma ayoyin ba su tsaya kan wanda ya ƙirƙira ba, sun tsawatar har da muminan da suka karɓa daga baki zuwa baki suna ganin abu ne mai sauƙi.

A cikin wannan ƙissa akwai mace guda da ya kamata kowace matar aure ta riƙe sunanta: Nana Zainab 'yar Jahshi (RA). Kishiyar Nana A'isha ce, kuma ita ce mai gogayya da ita a wajen Manzon Allah (SAW). Da aka tambaye ta, ga dama ta samu, ko shiru ta yi mai ma'ana ya isa. Amma ta zaɓi ta tsare jinta da ganinta, ta shaida cewa alheri kawai ta sani. Nana A'isha da kanta ta ce tsoron Allah ne ya kare ta. Wannan shi ne aikin jarida na gaskiya: ka faɗi adalci a kan wanda faɗuwarsa za ta amfane ka.

Abin da ya rage gare mu

To mun dawo kan tambayarmu. E, ana iya shirga ƙarya da gaskiya zalla, domin amanar magana ba a kalmomi kaɗai take ba, tana cikin abin da mai magana ya yi nufin ya bari a zuciyar mai sauraro. Wanda ya zaɓi gaskiyar da za ta ɓatar, ya ɓoye wadda za ta shiryar, ya ci amana ko da kotun duniya ba za ta kama shi ba. Wannan hukunci ya hau kan babban edita a Landan, ya hau kan mai gabatar da shirin siyasa a rediyon garinmu, ya kuma hau kaina da ke.

Saboda haka idan labari ya iso gare ki, kafin ranki ya ɓaci ko yatsanki ya taɓa waya, yi wa kanki tambayoyi kaɗan. Wa ya faɗa, kuma shi a ina ya ji? Me ya faru kafin wurin da aka faro labarin? Muryar wa ba a ji ba? Da a ce wanda ake zargin ɗana ne ko ƙanena, zan yarda da wannan hujja? Idan abin ya shafi rikici, saurari tasha fiye da ɗaya, kuma ki ba shi kwana guda, don labarin farko shi ya fi yawan kuskure. In ba ki tabbatar ba, bar shi ya mutu a hannunki, ba za a tambaye ki don me ba ki tura ba.

Sannan mu kula da yara. Suna zaune suna jin yadda muke fassara labarai, daga bakinmu suke koyon wa za su ƙi, wa za su tausaya wa. Yaron da kullum yake jin duniya duk maƙiyanmu ce zai tashi da ƙunci, irin wanda masu ɓata matasa ke nema. Wanda kuma aka bari da talabijin da waya ba mai yi masa bayani, zai iya tashi yana jin kunyar addininsa. Mu koya musu su riƙa tambaya, su san tarihinsu, su kuma yi wa kowa adalci.

Daga ƙarshe, kuka kaɗai ba ya gyara labari. Idan ba mu ba da namu da bakinmu ba, wani zai bayar a madadinmu, kuma da almakashinsa zai zo. Lokacin da aka hana Firdausi Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi a 2017 saboda hijabinta, ba da jifa aka yi nasara ba. Rubutu aka yi, aka yi bayani, aka bi hukumomi, a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. A 2022 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Mu bar 'ya'yanmu mata masu sha'awa su karanci aikin jarida, mazajenmu kuma su ba da goyon baya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ƙauye-ƙauye suna kai wa mata ilimi ingantacce har cikin ɗakunansu.

Allah Ya tsare harsunanmu da kunnuwanmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya sa mu zama masu adalci ga masoyi da maƙiyi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum warahmatullah.